Yadda Ake Neman Kuɗin Karatun Digiri na Biyu da na Uku a Fannin Injiniyan Kayan Lafiya

Tun da na taɓo maganar fannin injiniyan kayan lafiya, wato masu ƙera na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da ƙafar roba da ɗan injin da ake dasawa don daidaita bugun zuciya, tambaya ɗaya ke ta dawowa: "To Malam, kuɗin fa?" Wasu sun samu gurbin karatu, da suka ga lissafin kuɗin makaranta sai jikinsu ya yi sanyi. Wasu ko nema ba su fara ba don sun ɗauka sai ɗan mai hali. Bari in amsa gaba ɗaya. Ina cewa "ka" ne don sauƙin rubutu, amma har da ke.

Ka riƙe abu guda tun daga nan: a wannan fanni kuɗi ba mabuƙaci yake bi ba, bincike yake bi. Wanda ya gane inda kuɗin bincike yake kwana ya rage rabin wahala.

Mataki na 1: Tantance irin digirin da kake nema

Nan ne mutane da yawa suke ɓata tun ba a je ko'ina ba. Digiri na biyu kala biyu ne. Akwai na zaman aji zalla, shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, wanda sau da yawa ake kira MEng. Wannan jami'a ta shirya shi ne don ya kawo mata kuɗin shiga, saboda haka da wuya ta ɗauke maka nauyinsa. Abin da ya fi yawa shi ne ɗan rangwame. Akwai kuma na bincike, wanda za ka rubuta kundi a ƙarƙashin farfesa, kamar MASc a Kanada. Shi wannan yakan zo da alawus, ko da ba mai yawa ba.

Digiri na uku kuwa labarinsa daban. A manyan jami'o'in bincike na Amurka, ɗalibin PhD, wato digiri na uku, a fannin injiniya galibi ba ya biyan kuɗin koyarwa, shi ma ake biya duk wata. Kuma kana iya shiga kai tsaye da digirin farko, ba sai ka yi na biyu ba, ka yi shekara biyar zuwa shida. A Holan da Suwidin da Danmak da Nowe, ɗalibin PhD ma'aikaci ne mai albashi da hutu, sai dai yawanci suna buƙatar digiri na biyu tukuna.

Gargaɗi: idan aka ba ka gurbin PhD a wannan fanni aka ce kai za ka biya komai, ka dakata. Binciken ƙwayoyin halitta ko na'urar hoto yana cin kuɗin kayan gwaji. Ɗakin binciken da ba shi da kuɗin ɗalibi, da wuya ya samu na kayan aiki. Haka kuma kada ka shiga PhD don kuɗin kawai alhali aikin kamfani kake so. Shekara biyar ba kwana biyar ba ce.

Mataki na 2: Ware abin da ba rabonka ba ne

Kafin ka cike fom ko ɗaya, ka duba sharaɗin ɗan ƙasa. Tallafin GRFP na hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, yana da kyau ƙwarai: dala 37,000 a shekara har shekara uku. Amma na 'yan ƙasar ne da masu takardar zaman dindindin. Haka tallafin ɗalibai na F31 da T32 na hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH. Idan ba ka cikin waɗannan rukuni, kada ka ɓata ko minti ɗaya a kansu. Idan kana ciki, su ne farkon abin da za ka nema, domin ɗalibin da ya zo da kuɗinsa kowane farfesa yana maraba da shi.

A Birtaniya hukumar da ke ba da kuɗin bincike, UKRI, ta buɗe ƙofar tallafin PhD ga 'yan ƙasashen waje tun shekarar karatu ta 2021, amma ba sa wuce kashi 30 cikin 100 na guraben. Akwai kuma wani tarko a ciki: tana biyan kuɗin makaranta ne a kan farashin ɗan gida. Bambancin da ke tsakanin wannan da farashin baƙo, wasu jami'o'in suna yafewa, wasu ba sa yi. Ka tambaya a rubuce.

Ka buɗe jadawali a kwamfuta, kowane tallafi layi ɗaya: sunansa, wa ya cancanta, me yake biya, me ba ya biya, ranar rufewa, takardun da ake so. Wanda ba ka cancanta ba ka goge shi nan take.

Mataki na 3: Bi sawun kuɗin zuwa ɗakin bincike

Wannan matakin shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. Yawancin ɗaliban digiri na uku ba daga wani sanannen sikolashif ake biyansu ba. Daga kuɗin da farfesansu ya ciyo ake biyansu, a matsayin mataimakan bincike, abin da suke kira RA. Kuɗin binciken NIH irin na R01, alal misali, ana iya biyan ɗalibi da shi ko daga wace ƙasa ya fito. To yaya za ka san farfesan da yake da kuɗi a hannu? A fili suke, kyauta.

Ka shiga shafin NIH RePORTER, ka rubuta abin da kake sha'awa da Turanci, a ce na'urar auna sukarin jini ko gyaran ƙashi ko hoton ƙwaƙwalwa. Zai fito maka da sunan shugaban binciken, jami'arsa, adadin kuɗin, ranar da aka fara da ranar da zai ƙare. Ranar ƙarewar nan ita za ka zuba wa ido. Wanda aka ba shi bara kuma sai nan da shekara huɗu zai ƙare, mai shi yana neman hannu. Wanda saura wata shida, mai shi ta kansa yake yi. Ka lura da ayyukan da cibiyar NIBIB ke biya, don ita ce ɓangaren NIH da ke kula da hoton cikin jiki da injiniyan kayan lafiya, ko da yake cibiyoyin zuciya da kansa da ƙwaƙwalwa ma suna zuba kuɗi a fannin.

Na Turai akwai shafin CORDIS, inda za ka ga waɗanda suka ci tallafin majalisar bincike ta ERC. Matashin malamin da ya samu tallafinta na masu farawa yana iya samun har yuro miliyan 1.5 na shekara biyar, kuma abu na farko da yake yi shi ne ɗaukar ɗalibai. Na Birtaniya akwai Gateway to Research. Guraben da aka riga aka tallata kuwa, ka duba EURAXESS da FindAPhD.

Wata dabara: sabbin malamai da ba su wuce shekara biyu ko uku da kama aiki ba, jami'a takan ba su kuɗin kafa ɗakin bincike, kuma saƙonni ba su yi musu yawa kamar manyan farfesoshi ba. Ni a ganina ɗalibin da ba shi da wanda ya san shi ya fi samun shiga ta nan. Illarsa ita ce kai za ka haɗa na'urori, kai za ka yi odar kaya, babu babban ɗalibi a gabanka da zai nuna maka hanya.

Ka fitar da sunaye goma sha biyar zuwa ashirin. Kowanne ka karanta aƙalla maƙalarsa ɗaya ta kwanan nan.

Mataki na 4: Rubuta wa farfesa

Saƙon imel ɗin kada ya wuce abin da za a karanta a waya ba tare da an ja ƙasa sau uku ba. Layin farko: kai wane ne, me ka karanta. Na biyu: wace maƙalarsa ka karanta, kuma wane abu takamaimai ya ja hankalinka. Na uku: me ka iya da hannunka da zai amfane shi. Na huɗu: tambaya ɗaya tak, ko zai ɗauki ɗalibi a zangon da kake nema. Ka liƙa takardar tarihin karatu da aikinka.

Layi na uku shi ne mai sayar da kai. "Ina da sha'awar taimakon al'umma" kowa ya rubuta. Amma "na haɗa na'urar auna bugun zuciya da Arduino, na tace siginar da Python, hayaniyar wutar lantarki ta dame ni har na gano matsalar wayar ƙasa ce" magana ce ta wanda ya taɓa ƙona yatsa da dalma. Idan ka yi aikin gyaran na'urorin asibiti, ka faɗa, ka ambaci irin na'urorin. Idan daga lantarki ko kanikanci ko sinadarai ko lissafi ka fito, ba aibu ba ne, fannin cike yake da irinku.

Gargaɗi: kada ka fara da roƙon kuɗi ko labarin halin da kake ciki. Kada ka tura saƙo iri ɗaya ga mutum biyar a sashe ɗaya, suna shan shayi tare. Idan shiru ya yi mako biyu, ka tuna masa sau ɗaya, daga nan ka wuce. Kuma ka sani a wasu jami'o'in Amurka kwamiti ne ke ɗaukar ɗalibai, sai su zagaya ɗakunan bincike a shekarar farko kafin su zaɓi farfesa. A irin wannan wurin shirun farfesa ba ya nufin komai.

Mataki na 5: Tallafin gwamnatoci da gidauniyoyi

Ga mai neman digiri na biyu, nan ne babbar ƙofarsa. Erasmus Mundus na Tarayyar Turai yana biyan kuɗin makaranta ya kuma ba da yuro 1,400 duk wata har wata 24, kana karatu a aƙalla ƙasashe biyu. An yi kwas ɗin MAIA na hoton cikin jiki a ƙarƙashinsa, haɗin gwiwar jami'o'in Girona a Sifaniya da Burgundy a Faransa da Cassino a Italiya. Jerin kwasa-kwasan yana canzawa, don haka ka duba na shekarar da kake nema. Yawancinsu suna karɓar takardu tsakanin Oktoba da Janairu.

Chevening na Birtaniya na digiri na biyu ne mai shekara ɗaya. Yana buƙatar ƙwarewar aiki ta shekara biyu, wato awa 2,800, da alkawarin komawa gida na shekara biyu. Fulbright na Amurka ma yana ɗaure ka da komawa gida shekara biyu ta hanyar bizar J-1. Idan burinka ka zarce PhD nan take, ka yi tunani kafin ka sa hannu. Akwai Commonwealth ga 'yan ƙasashen ƙungiyar, da Gates Cambridge, da Knight-Hennessy a Stanford, da DAAD na Jamus, da MEXT na Japan da ke ba da yen 144,000 a wata ga ɗalibin digiri na biyu, wanda ake nema ta ofishin jakadanci wajen Afrilu ko Mayu. Jami'ar KAUST a Saudiyya tana ɗaukar nauyin duk wanda ta karɓa, har da masauki da inshorar lafiya. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi yana da nasa shirin. Mata daga ƙasashe masu tasowa da ke neman PhD su duba Faculty for the Future na gidauniyar Schlumberger, da kuma shirin OWSD.

Na digiri na uku a Turai, guraben shirin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai suna cikin mafi tsoka, kwangilar aiki ce har wata 36. Sharaɗinsu mai kama mutane shi ne kada ka zauna a ƙasar da za ka je sama da wata 12 cikin wata 36 da suka gabata.

Jamus kuma wata hanya ce ta daban. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin koyarwa, in ban da jihar Baden-Württemberg da ke cajin baƙi yuro 1,500 kowane zango, da Jami'ar Fasaha ta Munich da ta fara caji a 2024. Amma kafin biza sai ka nuna kuɗin zama a asusun da ake kullewa, wanda aka ɗaga zuwa yuro 11,904 na shekara a 2024. Karatu kyauta ba zama kyauta ba ne.

Gargaɗi: babu tallafin gaskiya da ake sayen gurbinsa. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya "shigar da sunanka", ka toshe lambarsa.

Mataki na 6: Takardu, lokaci da kuɗin nema

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin shirye-shiryen PhD na Amurka suna rufewa tsakanin 1 da 15 ga Disamba don farawa a Agusta ko Satumba mai zuwa. Ka ƙirga baya: jarrabawar Turanci a Yuli ko Agusta, saƙonnin farfesoshi a Satumba da Oktoba, masu rubuta maka wasiƙar shaida a sanar da su wata biyu kafin wa'adi. Takardar sakamakon jami'a ka nema tun yanzu, ita ce ta fi jan ƙafa.

Neman ma yana cin kuɗi. Jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS sukan kai dala 200 ko sama, kuma shekara biyu kawai sakamakon yake aiki. GRE, jarrabawar shiga karatun gaba da digirin farko, dala 220 ne, amma sassa da yawa sun daina nemansa, ka duba kafin ka biya. Kuɗin fom a Amurka yakan kama daga dala 50 zuwa sama da 100 kowace jami'a. Wasu suna yafewa idan ka halarci taron gabatarwarsu na intanet ko ka rubuta wa ofishin sashe ka roƙa. Matambayi ba ya ɓata. Idan an ce a tantance takardunka ta WES, cibiyar da ke auna takardun karatun ƙasashen waje, wannan ma kuɗi ne da makonni.

Wasiƙun shaida guda uku ake so galibi. Malamin da ya duba aikinka na ƙarshe, wanda zai iya cewa "ya gina kaza, ya gyara kaza", ya fi shugaban jami'ar da bai san fuskarka ba.

Mataki na 7: Karanta takardar tayi da biro a hannu

Murna takan rufe ido a nan. Wani ɗalibi da na taimaka wa ya turo mini takardarsa yana ta godiya ga Allah, an rubuta cikakken tallafi. Da muka zauna muka bi ta layi-layi, sai ga shi alawus ɗin na wata tara ne, Satumba zuwa Mayu. Wata ukun hutu babu ko sisi, haya kuwa ba ta hutu. An yafe kuɗin koyarwa, amma kuɗaɗen rajista da na ɗakin karatu da na wasanni suna kansa kowane zango. Bai ƙi tayin ba, amma ya rubuta ya tambaya, farfesan ya amince a rubuce zai biya shi watannin hutu daga kuɗin bincike.

Ga abin da za ka ja wa layi. Wata nawa ake biya a shekara? Shekara nawa aka lamunce, ɗaya ko biyar? Inshorar lafiya tana ciki? Kuɗin daga ina yake fitowa, daga sashe ko daga farfesa ɗaya, kuma me zai faru idan ya bar jami'ar ko kuɗinsa ya ƙare? Idan koyarwa za ka yi, abin da suke kira TA, awa nawa a mako? Wane maki ne idan ka faɗo ƙasa da shi za a yanke tallafin?

Sannan ka auna adadin da tsadar garin, ba da kuɗin ƙasarku ba. Alawus ɗin da zai wadatar a ƙaramin garin jami'a, a Boston ko Landan ko Zurich haya kaɗai za ta cinye rabinsa. Mafi ƙarancin alawus na UKRI a shekarar 2025 zuwa 2026 fam 20,780 ne, ba haraji. A Amurka kuwa ana cire haraji. Ka nemi ɗaliban da ke ɗakin binciken yanzu ka tambaye su abu biyu: ana biya a kan lokaci, kuma shekara nawa mutane suke yi kafin su gama.

Mataki na 8: Amsa tayi

Ɗaruruwan jami'o'in Amurka sun amince da wata yarjejeniya cewa ba za a tilasta wa ɗalibi amsa tayin tallafi kafin 15 ga Afrilu ba. Idan aka matsa maka a Fabrairu, ka ambaci wannan cikin ladabi. Idan kana da tayi biyu, ba laifi ka sanar da wadda ka fi so abin da ɗayar ta ba ka. Alawus da wuya ya motsa, amma kuɗin tafiya ko ƙarin tallafin shekarar farko yakan samu. Kada dai ka ƙirƙiri tayin da babu shi, ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma kada ka saki tabbataccen tayi don jiran wanda aka ce kana jerin masu jira. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Mataki na 9: Idan giɓi ya rage

Aikin cikin jami'a yana ɗan toshe ƙofa, amma bizar ɗalibai ta Amurka, F-1, awa 20 kawai ta yarda a mako lokacin karatu, kuma idan kana RA ko TA yawanci awoyin sun riga sun cika. Ɗalibin digiri na biyu yana iya zagayawa sassan lissafi da kimiyyar lissafin kwamfuta da lantarki ya nemi aikin koyarwa, ba lallai sai sashensa ba. Sai dai kada ka tafi da dogaro da wannan.

Bashi shi ne na ƙarshe. Rancen gwamnatin Amurka na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama. Kamfanoni irin su Prodigy Finance da MPOWER suna ba baƙi rance ba tare da mai tsaya musu ba, amma da kuɗin ruwa mai nauyi, kuma da dala za ka biya ko a ina ka samu aiki. Wanda ba ya mu'amala da ruwa, ko wanda ba shi da tabbacin aiki, gara ya jinkirta shekara ɗaya, ya yi aiki a ɗakin bincike, ya fitar da maƙala ko ɗaya, ya sake nema.

Mataki na 10: Kuɗin tashi da watan farko

Ko cikakken tallafi ba ya hana ka kashe kuɗi kafin ka karɓi sisin farko. Na Amurka akwai kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje, dala 350 ga mai bizar F-1, da na biza dala 185. Na Birtaniya akwai kuɗin lafiya fam 776 kowace shekara ta bizar, a dunƙule ake biya tun farko, sannan wasu fannonin injiniya suna buƙatar takardar izinin ATAS wadda kyauta ce amma tana ɗaukar makonni. Ga tikitin jirgi, ga kuɗin ajiya na haya. Alawus na farko kuma sau da yawa sai ƙarshen watan farko, wani lokaci ma ya zarce idan asusun banki bai buɗu ba. Ka tanadi abin da zai riƙe ka wata biyu, ka kuma tambayi ofishin sashe ko suna ba da wani abu kafin albashi.

Da ka zauna, ka yi rajistar ɗalibi a ƙungiyoyin fannin, BMES ko IEEE EMBS, ko ISMRM da MICCAI idan hoton cikin jiki kake yi. Suna ba da kuɗin halartar taro ga ɗaliban da aka karɓi aikinsu, kuma wa'adin neman yakan zo kusa da na tura taƙaitaccen bayanin binciken, don haka ka sa ranakun biyu a jadawalin nan naka na mataki na biyu.